Kada ka koya masa sakin wasa

Ɗana, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce yaron nan naka mai shekara 11 ya zauna da amininka a majalisarku ta Unguwar Dosa, ya cinye shi a darar Turawan nan ta ces sau uku a jere mutane na kallo, tun ranar kuma mutumin ya rage fara'a da kai. Kana tambaya ko a al'adarmu ya dace ka ja kunnen yaro ya riƙa sakar wa manya wasa don kara.

A'a. Amma kafin in faɗi dalili, akwai abin da ba ka gaya mini ba: da ya ci ɗin, yaya ya tashi? Na san halin yaron nan abokina, ja'iri ne, bakinsa ba ya shiru. In tsalle ya yi yana ihu, ko ya ce "Baba ai tun ɗazu na gama da kai", to a nan laifin yake, nan za ka gyara.

Lokacin da nake aikin masaƙa a Kakuri, in an tashi da yamma mukan taru gindin wata bishiya. An haƙa gurabun dara 30 a ƙasa, kowa ya riƙe kararensa 12. Akwai wani dattijo da ba a taɓa gani an ci ba. Ranar da na ga na rutsa shi, sai kunya ta kama ni, na kauce da gangan na bar masa hanya. Ya ɗago ya dube ni, ya kwashe kararensa ya zuba a aljihu, ya ce shi bai zo neman sadaka ba. Wata guda bai sake zama da ni ba. Ni ina ganin girmama shi na yi, shi kuwa ya ga na mayar da shi wanda ake lallaɓawa. Gwanin dara yana gane wasan da aka sakar masa kamar yadda uwar gida ke gane miyar da aka ƙara wa ruwa.

Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Gaskiya ne a sha'anin aure da zaman duniya. A kan allon ces kuwa maganar ba ta aiki, yara ne ke riƙe da wasan yanzu. Dubi Gukesh na ƙasar Indiya. An haife shi a Chennai a 2006, ya fara wasa yana ɗan shekara 7, ya kai matsayin giranmasta, wato babban gwani, a 2019 bai cika 13 ba. Matsayin nan kuwa ba kyauta ake ba da shi ba, sai makin da ake auna gwanintar mutum da shi ya kai 2500, ya kuma nuna bajinta a manyan gasa uku, kamar dai yadda ba a kiran alaramma gwani don yana da farin jini. A Disambar 2024 a Singafo ya doke Ding Liren na China, wanda ya girme shi da shekara 14, ya zama zakaran duniya yana da 18. Kafin shi Kasparov ne mafi ƙuruciya, shi kuma yana da 22 ya samu a 1985. Da a gidansu an koya masa sakin wasa, da ba mu ji sunansa ba.

Abin da nake so ka nuna wa yaron shi ne abin da Gukesh ya yi bayan cin. Hawaye na zuba, ya zauna ya mayar da 'ya'yan wasan kowanne gurbinsa kafin ya miƙe. Da aka ba shi abin magana, yabon Ding ya fara yi, ya kuma ce kambun bai sa ya zama wanda ya fi kowa iyawa ba, akwai Magnus Carlsen, gwanin ƙasar Norway. A 2025 a Norway ya ci Carlsen ɗin, shi kuma don takaici ya naushi tebur har 'ya'yan suka zube. Yaron bai yi dariya ba, daga baya ma cewa ya yi sa'a ce ta taimake shi. Carlsen, duk da fushin, ya ba shi hannu ya dafa bayansa. Wannan ɓangaren amininka ya kamata ya gani, sai dai ba kai za ka nuna masa ba.

Batun musabaha ma kada ya dame ka. Mu yaro ba ya fara miƙa wa babba hannu. A ƙa'idar 'yan ces wanda ya ga ba mafita shi ke tsayar da agogon da ke ƙirga lokacin wasa ya miƙa hannu, ka ga in ya ci, babban ne zai miƙo. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya tattara allon, ya yi shiru. In an tambaye shi inda aka kuskure ya nuna, in ba a tambaya ba ya bar shi a cikinsa.

Na ji kana ambaton makaranta. E, Gukesh ya bar zuwa aji tun yana firamare, ubansa likita ne ya ajiye aiki yana yawo da shi ƙasashe, uwar ke ɗauke da gida. Kai ba ka da wannan halin, kuma cin mutum ɗaya a Unguwar Dosa bai kai a yi wannan zancen ba. Boko da Islamiyya suna nan yadda suke, in an kira salla a kife allo, kuma ko kwabo kada a ɗora a kan wasa.

Shi amininka, ka sayi goro ka tura yaron da kansa ya kai masa, ya gaishe shi, ya roƙe shi su sake bugawa a gida inda ba 'yan kallo. Ranar Juma'a bayan la'asar ka kawo mini yaron Tudun Wada. Na sa an haƙa gurabu a bayan gida, kararena na nan. Ka gaya masa wannan ba ta Turawa ba ce, ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya zo.