Mahaifina yana son baftisma yana da shekara 61, amma an ce sai ya jira shekara biyu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Katolika ne daga wani ƙauye a kudancin Katsina. An yi mini baftisma tun ina firamare, amma mahaifina ya tsaya a kan al'adar kakanni har bana, da ya ce shi ma yana so ya shigo. Shekarunsa 61, manomi ne, bai iya karatu ba. Matansa biyu, mahaifiyata ce uwargida, kuma dukansu ba a yi musu baftisma ba. Mun je wurin katekis, wato mai koyar da addini a cocinmu, ya ce sai Baba ya yi aji na shekara biyu. Baba ya ce shi tsoho ne, ina ya ga shekara biyu? Me ake yi a wannan lokacin, kuma ba za a iya rage masa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Katekis ɗinku bai ƙirƙiro wannan jira da kansa ba. Tun a ƙarni na 3 akwai rubutun Ikilisiya da ya ambaci shekara 3 ana koyar da mai neman baftisma, ya kuma ce idan mutum ya dage, halinsa za a duba, ba yawan kwanaki ba. Da baftismar jarirai ta yawaita sai tsarin ya dushe, har Babban Taron Vatikan na Biyu ya ba da umarni a 1963 a dawo da shi, aka fitar da littafin tsarin shigar manya a 1972. Littafin bai yanke wa duniya duka adadin shekaru ba, ya bar wa bishop-bishop su duba yanayin mutanensu. Don haka shekara biyun ƙa'idar wurinku ce, kuma mai ikon sassautawa Fada ne tare da Bishop. Katekis ba shi da wannan iko, kada ku matsa masa a kan abin da ba ya hannunsa.

Abin da ya kamata Baba ya ji shi ne, ba a ƙofa zai tsaya shekara biyu yana leƙe ba. Bayan 'yan makonni ko watanni na tambaya da sauraro, ana yin bikin karɓa. A bakin ƙofar coci ake yinsa, gaban jama'a. Fada zai kira sunansa, ya tambaye shi abin da yake nema a wurin Ikilisiyar Allah, ya amsa cewa bangaskiya. Sai a yi masa alamar gicciye a goshi, galibi har da kunnuwa, idanu, leɓe, ƙirji da kafaɗu, sannan a shigo da shi ya zauna ya ji Maganar Allah. Daga ranar ya zama katekumen, wato mai koyon bangaskiya, kuma Ikilisiya tana ƙirga shi cikin 'yan gida. A rubuta sunansa a littafin coci, da sunan wanda ya tsaya masa, da kwanan wata. Ka tabbatar an rubuta, domin idan aka canja wa Fada ko katekis wurin aiki, wannan rubutun ne zai hana a ce Baba ya faro daga farko.

Ga amsar tsoron da ke ransa, wato ya rasu kafin a yi masa baftisma. Dokar Ikilisiya ta 1983, a sashe na 1183, ta ce katekumen da ya rasu ana yi masa jana'iza irin ta Kirista. Katekism na Ikilisiyar Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwarta, a sakin layi na 1259, ya koyar cewa wanda ya mutu kafin baftisma alhali yana sonta a fili, yana kuma tuba da ƙauna, wannan marmarin yana kai shi ga ceton da bai samu karɓa ta sakramenti, wato ibadar baftisma, ba. Idan kuma ciwo ya tsananta, ba a jiran shekara biyu. Sashe na 865 na Dokar Ikilisiya ya yarda a yi wa babba baftisma a bakin mutuwa muddin ya san manyan gaskiyar bangaskiya, ya nuna yana so, ya yi alkawarin kiyaye dokoki. A kira Fada nan da nan. In babu Fada ko katekis kusa, kai kanka za ka iya: ka zuba masa ruwa mai tsabta a kai sau uku kana cewa, "Na yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Mai zuba ruwan shi ne zai furta kalmomin, ba mutum biyu ba. Daga baya a sanar da Fada ya rubuta.

Rashin karatu ba ya hana komai. Ba jarrabawar takarda ake shirya shi ya ci ba. Koyarwar tana tafiya a kan ginshiƙai huɗu, yadda aka tsara Katekism na 1992: abin da muka gaskata, sakramenti bakwai, Dokoki Goma da zaman Kirista, sai addu'a. Mutumin da ya riƙe iyakar gonakin dangi da sunayen kakanni a ka ba zai kasa riƙe waɗannan ba, in an ba shi kaɗan-kaɗan. Ku fara da alamar gicciye, sai Ubanmu, sai A Gaishe Ki Maryamu, sai Ɗaukaka ga Uba. Ku bar Na Ba da Gaskiya, wato addu'ar shaidar bangaskiya, a ƙarshe don ita ce mai tsawo, ku raba ta gida uku: na Uba, na Ɗa, na Ruhu Mai Tsarki da Ikilisiya. Jimla ɗaya ko biyu a mako ta isa. Minti goma bayan tuwon dare kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai. Ka ɗauki muryarka a waya ka bar masa ya riƙa saurara a gona. Kada a sa jikoki su riƙa gyara masa a gaban mutane, dattijo da ya ji kunya sau biyu ba ya komawa aji.

A nan ne ajin manya ke yawan lalacewa. Ana haɗa mai furfura da yara 'yan shekara tara a benci ɗaya, ana rera tambaya da amsa da ƙarfi, a ƙarshe ya haddace kalmomi amma ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke damunsa. Babba yana zuwa da tambayoyin babba: ina iyayena da suka mutu ba su ji wa'azi ba? Idan aka yi yankan gargajiya a gidanmu, in ci ko kada in ci? Ɗan'uwana da muka yi shekara goma ba ma gaisawa saboda gona fa? Ku roƙi katekis ya ware wa manya lokacinsu, ko da mutum uku ne a gindin bishiya, a karanta musu Bisharar Lahadi, a bar su su yi magana. Sannan a yi lissafi da damina. Daga Yuni zuwa Oktoba manomi ba ya samun sukuni, kuma fashin aji a lokacin shuka da girbi ba alamar sanyin zuciya ba ne. A rage haɗuwa zuwa bayan Misa ta Lahadi, a ƙara himma da rani.

Maganar layu da kayan tsafi, in akwai, Baba da kansa zai kawo ta idan zuciyarsa ta kai. Kada a shiga ɗakinsa a kwashe, kada a tara jama'a a yi masa wa'azi a kai. Wanda aka ƙwace wa laya yakan nemo wata a ɓoye. A nuna masa cewa girmama iyaye, riƙon amana da karɓar baƙo da ya gada suna nan daram, abin da zai bari shi ne dogara ga wani iko ban da Allah.

Yanzu ga abu mafi nauyi a tambayarka, wanda ba ka tambaya kai tsaye ba: mata biyu. Wannan ne zai iya tsawaita jiran fiye da shekara biyu, ba haddar addu'a ba. Ikilisiya tana koyar da cewa aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya, kuma ba a yi wa mutum baftisma yana zaman aure da mata biyu. Sashe na 1148 na Dokar Ikilisiya ya yi magana a kan irin halin Baba daidai: wanda bai yi baftisma ba, yana da mata fiye da ɗaya waɗanda su ma ba su yi ba, zai zauna da ta farko, amma idan hakan ya yi masa wuya zai iya zama da ɗaya daga cikin sauran. In ba uwargida ya zaɓa ba, sai an ɗaura auren bisa tsarin Ikilisiya. Sashen ya kuma ɗora wa Bishop nauyin tabbatar da cewa an biya bukatun matar da aka rabu da ita bisa adalci da ƙauna. Ma'ana, ba korar mace ake nufi ba. Wurin kwananta, abincinta, gonar da take nomawa, kuɗin makarantar 'ya'yanta da matsayinsu a gidan ubansu duk suna nan a wuyan Baba. Matar da ta ba gida ƙuruciyarta ba a sallamarta da ƙunshin kaya don miji ya samu baftisma, kuma duk wanda ya ba ku wannan shawara bai fahimci dokar ba.

Ku kai wa Fada wannan magana yanzu, a watan farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi shiru har Azumin da ake yi kafin Ista ya zo, an ɗinka farin kaya, an gayyaci dangi, sannan a ce Baba ba ya cikin jerin. Fada zai so ya ji daga bakin kowace mace ita kaɗai, ba a gaban miji ba. Kai kuma ɗan uwargida ne, don haka ka ja baya kaɗan a wannan zance, kada 'yan'uwanka na ɗaya ɗakin su ga kamar ka shigo da addini ne don a fitar da uwarsu. Akwai dattawan da suka duba suka ga ba za su iya wannan rabuwa ba tukuna, suka ci gaba da zama katekumen shekaru, suna zuwa Misa, suna addu'a, ana sa musu albarka. Ba a kore su ba, kuma ba abin kunya ba ne. Batun yana da nauyi har taron Sinod, wato babban taron shugabannin Ikilisiya, da aka yi a Roma a 2023 ya roƙi bishop-bishop na Afirka su zauna su yi nazarin yadda za a riƙa rakiyar irin waɗannan iyalai.

Idan an warware wannan, Fada da katekis da masu tsaya masa suka shaida halinsa, sai a shiga zangon ƙarshe, wanda ya yi daidai da kwana 40 na Azumi. A Lahadin farko na Azumi ake bikin zaɓe, inda ake rubuta sunaye a gaban Bishop ko wakilinsa. A Lahadi na uku, na huɗu da na biyar ana yi musu addu'o'in binciken zuciya: su durƙusa, a ɗora musu hannu, a roƙi Allah ya warkar da abin da ya raunana a cikinsu. Karatun waɗannan ranaku daga Bisharar Yohanna ne: Basamariya a bakin rijiya a sura 4, wanda aka haifa makaho a sura 9, tashin Li'azaru a sura 11. Ka ba Baba labarin kowanne da Hausar gida tun daren Asabar, don ya shiga coci ya riga ya san inda aka dosa. A cikin makonnin nan ne ake miƙa musu Na Ba da Gaskiya da Ubanmu a gaban jama'a. Kada ya yi fashin ko ɗaya daga cikin Lahadin nan uku.

A daren Asabar wayewar Ista ake ba da sakramenti uku a zama ɗaya: baftisma, tabbatarwa da man kirisma, wato man shafewa mai tsarki, sannan karɓar Jikin Kristi karo na farko. Sashe na 866 ya ce haka za a yi wa babba sai in akwai babban dalili, kuma Fadan da ya yi baftismar yana da ikon yin tabbatarwar. Ba ya bukatar zuwa furta zunubi kafin wannan dare, domin baftisma tana wanke duk abin da ya gabata. Ku tanadi farar riga da kyandir. Zai iya riƙe sunansa na yanka muddin bai saɓa wa bangaskiya ba, ya ƙara da na wani waliyyi in yana so.

Uban baftisma dole ya kai shekara 16, ya zama Katolika da ya karɓi tabbatarwa da Jikin Kristi, mai zaman da ya dace da bangaskiya. Doka uba da uwa kawai ta hana, don haka ɗa zai iya tsaya wa mahaifinsa. Duk da haka gara ku nemo sa'ansa, dattijon da suke zama inuwa ɗaya, domin akwai abin da uba ba zai buɗe wa ɗansa ba. Kada a zaɓi mutum don yana da kuɗi ko yana zaune a birni. A zaɓi wanda zai biyo masa ranar Lahadi su tafi tare.

Bayan Ista saura kwana 50 zuwa Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, kuma nan ne ake yawan sakaci, an ci shinkafa an watse. A waɗannan makonni ake zama da sababbin a bayyana musu abin da suka karɓa, a koya musu yadda ake furta zunubi tun kafin tsoronsa ya kama su, a sa kowa cikin wata ƙungiya. A ba Baba aiki da ya dace da girmansa, kamar sulhunta masu rigima ko ziyarar marasa lafiya tare da ƙungiyar maza. Idan mahaifiyarka ita ma tana so, a rubuta sunanta tun yanzu a matsayin mai nema da kanta, kuma matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su fara zuwa gaishe ta.