Tambaya da Amsa: Mene ne aikin kocin lafiya, kuma wa yake yi wa amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maradi, shekaruna 48. An auna ni an ce tansiyona 15/9, sugana kuma ya kusa kai iyaka. Ɗana ya nuna mini wata mata a Facebook da ke kiran kanta kocin lafiya, ana biyan ta duk wata, tana kuma sayar da wani shayi. Wane irin aiki ne wannan? Zai iya tsaya mini a madadin magani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai haɗari: a'a, ba zai iya ba. Awon da ya kai 14/9 ko ya haura, in ya maimaitu a ranaku daban-daban, shi ne hawan jini. In an rubuta maka magani ka ci gaba da sha, kada kowa ya ce ka ajiye sai wanda ya rubuta.

Kocin lafiya ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani. Kalmar ma daga filin ƙwallo muka san ta, kuma aikin ya yi kama: ba ya shiga fili ya buga maka, yana gefe yana lura. Nasan an riga an gaya maka ka rage gishiri da suga, ka riƙa tafiya. To ka rage ɗin? Yawancinmu da mun fito asibiti sai shawarar ta tsaya a bakin ƙofa. Wannan tazarar da ke tsakanin sani da aikatawa, nan ne gonar koci.

Na kirki tambaya yake yi fiye da wa'azi. Ƙarfe nawa kake kwanciya? Zagaye nawa na shayi kake sha a rumfa, kuma wa ke zuba sugan? Dunƙule nawa Hajiya ke sa wa miya? Sai ku zaɓi abu ɗaya tak, kai da bakinka, ba shi ba. Misali bayan sallar asuba ka yi tafiyar minti 20 kafin ka hau babur. Mako ya zagayo ku sake zama: an yi ko ba a yi ba, me ya hana? In baƙi ne suka hana, a canza lokaci, ba faɗa. Wannan salon hira yana da asali. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, ya bayyana shi a 1983 wajen aiki da masu shan giya, daga baya aka kai shi sauran fannonin lafiya.

Ma'aunin da ake nufa sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙule da yajin kilishi. Da mutanenmu suka saba zuwa gona da ƙafa ba su buƙaci wannan lissafi ba. Kai da ke wuni zaune kan buhu kana ƙirgar kuɗi, kana buƙata.

Irinka ne ma aka fi samun hujja a kansu. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, kan mutane sama da 3,000 masu suga a bakin iyaka, ya nuna waɗanda aka haɗa da masu bibiyarsu kan abinci da motsa jiki sun rage haɗarin kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100, alhali maganin suga da ake kira metformin ya rage kashi 31. Haka mai son barin taba, mai fama da ƙiba, ko wanda hidima ta hana shi barci, duk suna iya amfana. Amma mai ciwon ƙirji, mai juna biyu da ƙafafu suka kumbura, ko wanda baƙin ciki ya kai shi tunanin kashe kansa, wannan asibiti kai tsaye.

Sai batun matar nan. Ban san ta ba, ba zan yanke mata hukunci ba. Sai dai a ƙasashe da yawa kowa na iya kiran kansa koci ba tare da wata takarda ba, kuma ni shayin ne ya sa ni ɗar-ɗar. Tambaye ta inda ta yi karatu, da ko za ta yarda ta yi aiki da abin da likitanka ya tsara. In ta yi alkawarin warkar da hawan jini gaba ɗaya, riƙe kuɗinka. Kada ka sha shayin sai ka kai kwalinsa wa likita ko mai farmasi, domin wasu ganyaye ba sa jituwa da maganin tansiyo.

In kuma kuɗin wata-wata ya yi nauyi, sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta awonka, ka nemi maƙwabcin rumfa ku riƙa fita tafiyar asuba tare, ka tafi da littafin duk ranar da za ka koma awo.