Abin da muke cusawa a bututun tukunyar turare

Yaya, saƙonka ya iso, kuma na gane inda ka dosa ko da ba ka fito fili ba. Ka hango tukunya mai dogon bututu a bayan hoton yara, ka tambaya ko irin ta masu dafa barasa ce, ka kuma ƙara da cewa dama waɗanda suka auri 'yan ƙasa sai a hankali. Tukunyar turare ce. Kusan duk gidan Hausawan da suka daɗe a nan akwai mai irinta ko mai aro, ruwan wardi da na na'ana'a muke tacewa da ita. Sana'ar kuma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin tun ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta hanyoyin tace turare sama da 100 a Bagadaza.

Gaskiya ne tukunyar da bututun kusan iri ɗaya ne da na masu wancan aikin. Wanda ya san abin, cikin bututun yake leƙawa, daga nan zai gane me ake yi. Tunda ka ce Anti ma tana sha'awar gwadawa, bari in yi bayanin yadda ya kamata.

Idan tururi ya tashi daga tukunya ya tarar da bututu cike da wani abu, wani sashensa yana hucewa a jikin abin ya koma ruwa ya gangaro, tururin da ke tasowa ya sake ɗumama shi, mai saurin tashi ya wuce sama, mai nauyi ya koma ƙasa. Iya yawan fuskar da tururi zai taɓa, iya kyawun rabuwar. Mai son raba sibirit da ruwa wannan yake nema, don sibirit yana tafasa a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai 100, shi ya sa yake cika bututunsa tun daga ƙasa har sama. Mu akasin haka muke so. Ƙamshin fure tare da tururin ruwa yake tafiya, in ka tare masa hanya da ciko mai yawa, man da kake nema zai maƙale a jikin cikon ko ya koma tukunya ya dahu. Saboda haka furen kansa muke zubawa a bututun, sai ɗan dunƙulen raga a ƙasa ya riƙe shi, wani a sama ya tare ganye da kumfa.

Ragar jan ƙarfe muke sawa, kuma a kan wannan ba na sassautawa. Ganye da fure, in suka sha zafi, suna sakin wani wari na farar wuta mai kama da na dafaffen kabeji, jan ƙarfe kuwa yana kama shi ya riƙe. Shi ya sa ragar take yin baƙi bayan aiki, baƙin nan shi ne warin da bai shiga kwalba ba. Ƙarfen nan da ba ya tsatsa ya fi ƙarko da sauƙin wanki, amma ba ya kama komai, ruwan da aka tace da shi kan daɗe a ajiye kafin ƙamshinsa ya daidaita.

Surukina ne ya nuna wa Baba wannan, Allah ya jiƙansu duka. Maƙerin jan ƙarfe ne, shi ya ƙera bututun da ka gani, tun kafin a yi zancen aurena da ɗansa. Su biyun sukan zauna gaban tukunya bayan Asuba, ɗaya da gurguwar Hausa, ɗaya da gurgun yaren ƙasar, suna gardama kan ƙarfin wuta. Da maganar aure ta taso, wasiƙun da suka zo daga wajenku ba su yi wa Baba daɗi ba. An ce ya ba da 'ya ga bare, jikokinsa sun ɓace. Bai amsa ba, amma Inna ta ce kwana ya yi yana juyi. Jikokin nan yau da Hausa suke gaishe ni, suna durƙusa wa manya, sun sauke Alƙur'ani. Harshensu yana ɗan karkata, na sani. Abin da ke ci mini rai shi ne duk zuwan da za mu yi, sai an sa su maimaita magana don a yi dariya, su dawo suna tambayata ko su ba Hausawa ba ne. Ba mu taɓa daina kiran kanmu Hausawa ba, daga wajenku ne kullum ake neman mu kawo shaida.

In Anti za ta sayi raga, ta tafi da maganaɗisu. Yawancin soson wanke-wanke mai launin jan ƙarfe baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, maganaɗisu zai kama shi, kuma tururi zai sa ya yi tsatsa ya ɓata ruwan. Jan ƙarfe na gaske ba ya kamuwa. Ta guji soso mai sabulu a ciki, da tagulla, wato jan ƙarfen da aka gauraya da wani ƙarfe, don wata akwai darma a haɗinta, da alminiyam, da duk wayar da aka shafa wa tutiya. Roba kuwa kada ma ta kusanci bututun.

Akwai masu sa ƙananan zobban tangaran ko na gilashi, waɗanda wani Bajamushe masanin sinadarai, Friedrich Raschig, ya fito da su a 1914. Ba sa ɗaukar wari, suna wankuwa tas, amma aikin rarrabewa aka yi su dominsa, kuma sai faɗin zobe ya kasance wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin bututu. Ƙwallayen gilashi na wasan yara ma ana sawa, sai dai nauyi gare su, fuskarsu kaɗan ce, suna kuma cinye zafi kafin aiki ya kankama.

Kowanne aka zaɓa, kada a danna shi da ƙarfi. A naɗe ragar sako-sako a tura, sannan a sa baki a hura bututun, in iska ba ta wuce cikin sauƙi ba a ciro a sassauta. Bututun da ya toshe yana tara ruwa a ciki, tururi ya rasa mafita, murfi na iya tashi da tafasasshen ruwa a kan mai aiki. Bayan an gama a jiƙa ragar a ruwan lemon tsami ko ruwan khal har jan ya dawo, a ɗauraye sosai, a shanya ta bushe ƙamas, domin koren tsatsar da ke fita a jikin jan ƙarfe mai laima guba ce. Ta kuma ware wa kowane ƙamshi ragarsa, wadda ta taɓa na'ana'a ba ta komawa kan wardi.