Ka Ce Bambancin LAN da WAN Kake Son Sani?

Kai yaro, wai mene ne bambancin LAN da WAN, kuma wanne ya fi ba ma'aikaci wahala? Da ba don tambayar ta fama mini wani tsohon ciwo ba, da cewa zan yi ka tambayi wayar nan da ba ta barin hannunka.

LAN naka ne. Kwamfutocin gini ɗaya, ka ja musu kebul zuwa suwic, wato akwatin da ke haɗa su wuri guda, kada tsawon kowace waya ya wuce mita 100, shi ke nan. Maƙala kan kebul ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar. WAN kuwa, mai haɗa wurare masu nisa, hanyar wani ce kake haya, ko faibar kamfanin sadarwa ko tauraron ɗan'adam. Da zarar saƙo ya fita daga rauta, wato na'urar da ke haɗa LAN ɗinka da waje, ya bar hannunka.

Wani mai kamfani ya taɓa ba ni aikin ofisoshinsa biyu a garuruwa masu nisa. Na shimfiɗa kebul nau'in Cat6 a duka biyun, kowace waya da lambarta, saurinsu gigabit cif. Haɗin tsakaninsu shi ya zaɓi VSAT, wato haɗi ta tauraron ɗan'adam, da kansa, don ba ya son jiran faiba. Na ce masa: Alhaji, tauraron nan yana sama da kilomita 35,000 daga ƙasa, manhajar lissafinka za ta riƙa jan ƙafa. Ya ce in yi abin da aka sa ni.

Ranar biyan cikon kuɗi sai ya ce wayoyina ne ba su da kyau. Na buɗe kwamfuta a gabansa na buga ping, gwajin da ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Cikin ofis bai kai milisakan 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Zuwa ɗaya reshen, kusan 600. Ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce shi bai san wannan turancin ba, abin da ya sani akawunsa na zaune yana jiran shafi ya buɗe. Ya riƙe kuɗina, ni kuwa kebul ɗin bashi na ɗauko, da aljihuna na biya. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu, ana cewa "intanet ba ya sauri" sai ku ce za ku gyara, ba ku ma tsaya kun gano a wane ɓangaren rauta matsalar take ba. Ka rubuta a takardar yarjejeniya cewa aikinka ya tsaya a rauta, mai aikin ya sa hannu kafin ka huda bango.

Daga baya aka ja wa Alhajin nan faiba, manhajar ta riƙa gudu a kan wayoyin nan nawa da ya kushe. Ko kira bai yi ba.