Arzikin 'yan bidiyon Indunusiya: daga ina kuɗin ke fitowa?

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 19 ya maƙale wa bidiyon samarin Indunusiya masu nuna motoci da gidaje. Yanzu ya dame ni in ba shi kuɗin makarantarsa ya zuba a wata manhajar hasashen farashi, wai da ita suka yi arziki. Hankalina a tashe yake. Da gaske ne?

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi ko kwabo.

Manyan da ke cin kasuwar YouTube a can, wasunsu da sunansu suka shigo. Raffi Ahmad ya daɗe yana fitowa a sinetron, wato wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango, yana kuma gabatar da shiri a RCTI, tashar farko mai zaman kanta da ta fara aiki a 1989, kafin shi da matarsa su kafa kamfanin nishaɗi na RANS a 2015. Deddy Corbuzier ya yi shekaru yana wasan siddabaru da shirin hira a talabijin kafin ya koma intanet. Kuɗinsu na fitowa ne daga talla da kamfanoni da tarin ma'aikata.

Waɗanda ɗanki ke kallo kuwa wani iri ne daban, kuma wannan ruɗin na gaji da jinsa a bakin samari. Suna ganin mota a bidiyo sai su ce manhajar ce ta haife ta. Ba ita ba ce! Indra Kenz, wanda ake yi wa kirari da attajirin birnin Medan, ya cika intanet da motocin alfarma yana tallata Binomo, wata manhajar hasashen farashi. A 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 10. Doni Salmanan na Bandung, mai tallata Quotex, wata manhajar irinta, shi ma gidan yari ya ƙare. Yadda abin yake, sai ka sa kuɗi ka canki ko farashi zai hau ko zai sauka cikin 'yan mintoci. In ka kuskure, kuɗin sun tafi duka. Mai tallar yana samun kaso daga waɗanda ya jawo. Motar da yaro ke sha'awa, da asarar irinsa aka saye ta. Hukumar Bappebti ta Indunusiya, mai sa ido kan wannan kasuwa a lokacin, ta toshe shafukan manhajojin, ta ce haramtattu ne. Caca ce aka sa mata rigar kasuwanci, kuma abin takaici, masu "koyar da sirrin" a WhatsApp da Telegram irin wannan kason suke farauta. Wallahi da suna da sirrin, ba za su sayar da shi dubu biyar ba.

Ki zaunar da shi, ki sa ya tambayi wanda ya nuna masa manhajar nawa ake ba shi a kan duk mutum ɗaya da ya yi rajista ta hannunsa. Kuɗin makarantar kuma ki biya da kanki, ki karɓi rasit.