Jan naman kaza mai ɗigo-ɗigon fari: ana cin sa?

Tambaya: Malam, ina karatu a Aberdeen ta ƙasar Sikotland. Ranar Asabar muka shiga daji yawo, na ga naman kaza ja wur da ɗigo-ɗigon fari a kansa, faɗinsa ya kai tafin hannuna. A garinmu kakata kan tsinko na jikin suri da damina ta yi mana miya. Wannan ma ana ci?

Amsa: Ƙanena, kada ka kai shi tukunya. Yadda ka siffanta shi, ina kyautata zaton Amanita muscaria ne. Yana fitowa da kaka a gindin bishiyoyin da Turawa ke kira birch da pine, domin saiwarsu yake maƙale wa. Idan ka koma, tono shi da gindinsa, kada ka fizge. Za ka ga ƙafar fara ce, da zobe kamar ɗan siket a sama, gindin kuma ya kumbura kamar albasa. Juya hular, ƙarƙashinta ma fari fat. Ɗigon nan ragowar rigar da ta lulluɓe shi ce yana ƙarami, ruwan sama na iya wanke su, don haka kada rashinsu ya ruɗe ka.

A da mutanen Turai kan marmasa shi cikin madara don kashe ƙuda. Wanda ya ci, kafin awa 3 sai amai, jiri, sambatu da barci mai nauyi. Ba kasafai yake kisa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ɗauka ja ne alamar guba. Ɗan uwansa Amanita phalloides ba shi da wani ado, kore-kore ne dishi-dishi, amma shi ya fi kowanne kashe mutane a duniya. Sai an yi awa 6 zuwa 24 kafin ciki ya murɗa, a lokacin gubar ta kama hanyar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Na kakarka daban ne. Termitomyces ake ce masa, gara ce ke noma shi a cikin suri, ita kuma tsohuwa ta yi shekaru tana ganin sa a wuri ɗaya. Wannan sanin bai bi ka jirgi ba.

Shi jan nan da ka gani, ɗauki hotonsa son ranka, taɓawa ba ta cutarwa, ka dai wanke hannu. In kuwa wani ya riga ya ɗanɗana, a wuce asibiti nan take da ragowar a takarda, kada a jira ciwo.