Tambaya da Amsa: Guruf ɗin iyaye ya fi ƙarfin malamar aji

Tambaya: Ni malama ce a wata firamare a Rikkos, Jos. Akwai wata uwa da ke zuwa taya ni aiki a aji, kuma ita ta buɗe mana guruf ɗin iyaye a WhatsApp. Yanzu tana ɗora hotunan yara, tana amsa tambayoyi da yawuna, iyaye kuma suna turo min saƙo har sha ɗayan dare. Ya zan yi ba tare da mun ɓata ba?

Amsa: Malama, sannu da haƙuri. Makullin yana hannun wanda ya buɗe guruf, domin a WhatsApp ko an ba ki admin, ba ki da ikon sauke shi. Saboda haka ki buɗe sabo da kanki, ki sa shugaban makaranta ya zama admin na biyu. Ki shiga saitin guruf, wajen izinin tura saƙo, ki bar shi ga admin kaɗai. Nan za a riƙa sa ranar jarrabawa, aikin gida da taron iyaye da malamai. Tsohon kuwa ki bar mata, iyaye su yi hirarsu.

Maganar hotunan ce ta fi damuna. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman amincewar iyaye ko mariƙi kafin a yi amfani da bayanan yaro, hoto ma yana ciki. Admin na iya goge saƙo ga kowa cikin kimanin kwana biyu, amma hoton da wani ya adana ko ya tura gaba ya tafi ke nan. Ita uwar, ɗanta kaɗai take da iko da hotonsa, ban da na sauran.

Saƙon dare kuma, ki sami layi na biyu ki sa WhatsApp Business, ki saita amsar da za ta riƙa fita da kanta bayan an tashi aiki. Kashe alamar shuɗin nan ba ya aiki a guruf, za a ga kin karanta.

Amma kafin ki taɓa komai, ki zauna da baiwar Allahn nan ido da ido. Matar da ta bar hidimar gidanta ta zo taya ki, bai kamata ta wayi gari ta ga an buɗe sabon guruf ba ta sani ba. Ki yi mata godiya, ki ba ta aiki takamaimai, kamar tsara yara ranar wasanni, sannan ki ce: "Maman wane, batun maki da tarbiyyar yaro a bar min, ni zan amsa."